Awo Daga Nesa

…kuma ai ba yasar da yarinyar ta yi ba. Ba a daji ta bar ta ba. A gidan ubanta ta bar ta, a falo, ga biskit a faranti, ga katun a talabijin, ga uban nata zaune a kujerarsa ta kullum. Wace uwa ce ba ta taɓa barin 'yarta wurin mijinta ta fita unguwa ba? To don me hannun Kauthar ya ƙi sakin sitiyari, alhali motar a kashe take?

Tana bayan katangar rukunin gidajensu ne, a kan hanyar Kuje, a gindin wata bishiyar kashu da magina suka manta ba su sare ba. Daga nan rufin gidanta kawai take hange — jan kwano a cikin jajayen kwanuka, duk kai ɗaya, layi bayan layi. Ba taga, ba ƙofa. Da gangan ta zaɓi wurin. In tana ganin taga, to taga ma tana ganinta.

Ƙa'idar aiki ce. Ba ita ta ƙago ba.

Aikinta ke nan a hukuma: bin ƙarafan sabis da kamfanonin waya suke ta kafawa a garin nan, ta auna ƙarfin abin da suke watsawa cikin iska, ta ce ya wuce kima ko bai wuce ba. Ƙarfe ya tsiro a Jabi, ya tsiro a kan duwatsu, a bayan masallaci da bayan coci; kowa waya a kunne, kowace kwana mai sayar da kati a ƙarƙashin lema. Sai ka kafa mitar awon a kan ƙafafunta na katako, ka kunna, ka ja da baya. Ja da bayan nan shi ne rabin aikin. Fitarta ta farko, a gefen wata gonar doya a Karshi, ta tsaya a kan mitar kamar mai jiran tukunya ta tafasa, lambobi suna ta rawa sun ƙi zama, sai Leonard, abokin aikinta, ya ce, "Hajiya, don Allah matsa can. Ke ma fa ruwa ne da gishiri, mita tana ganinki. So kike mu auno ki mu kai wa Oga?" Ta yi dariya ran nan. Ta matsa. Lambobi suka tsaya cak.

To yau ma ta matsa. Shi ke nan abin da ta yi. Matsawa…

Iska tana kaɗa ganyen kashun. Can gabas, ta wajen birni, sama ta fara yin toka-toka.

Fili. Da wannan kalmar ta bayyana wa Fu'ad abin, suna sabon aure, da ya matsa mata sai ta gaya masa me ta yi shekaru tana karantawa a fiziks wanda ba a iya ɗora wa mutum a tafin hannu. Sallayarsa tana shimfiɗe, wadda ya zo da ita daga Makka, mai 'yar allurar neman alƙibla a jiki. Ta ciro mayen ƙarfen da ke manne a ƙofar firij, ta kawo shi kusa, ba ta taɓa komai ba. Allurar ta bar inda take, ta bi hannunta.

"Malama, kin ɓatar min da alƙibla."

"Ni ban taɓa ta ba."

"To wa ya taɓa ta? Aljanunku na jami'a?"

"Fili."

Abu ba ya ƙarewa a iyakar fatarsa. Yana cika sararin da ke kewaye da shi da wani umarni marar murya: duk wanda ya zo nan, ga inda zai karkata, ga kuma ƙarfin karkatar. Ba a ganinsa, ba shi da wari. Ko ba kowa a wurin, umarnin yana nan yana jira. Fu'ad ya ce to shi dai a mayar masa da gabas ɗinsa, magariba ta gabato.

Kuma hankalin mutum… ba haka yake ba? Wa ya ce a cikin ƙoƙon kai yake zaune? Ƙoƙon kai tushe ne kawai. Babansu a Zariya, in ya dawo daga makaranta da ɓacin rai, kafin ya jingine keke a zaure gida ya riga ya sani — murya ta yi ƙasa, a kashe rediyo, hatta kaji su nemi lungu. Bai ce uffan ba. Bai taɓa kowa ba. Fu'ad kuwa nasa filin daban ne: in ya shigo ɗaki sai kafaɗun mutane su sauka. Masinjan ofishinsu a Sakatariya, da darakta, da mai faci a bakin tashar Jabi, kowa sai ya ɗan karkato wajensa bai sani ba, kamar garin ƙarfe a kan takarda. Ita ma haka ta karkato. Ba ta taɓa zama ta yanke shawarar son sa ba. Zuwa wurin ta yi, ta tarar umarni yana jira.

Sai tifa.

Shaƙe da tsakuwa, a hanyar filin jirgi, da safe, tana sauri za ta kai wa wani gini da ba ya iya jira — ba ginin da ke iya jira a garin nan yanzu. Ta daki motar Fu'ad, motar ta lanƙwashe kamar gwangwanin madara. Shi kuwa ƙashi lafiya lau, sai tabo guda a goshi wanda hula take rufewa. Likitan ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwar a gaban fitila, ya ɗora bakin biro a gaba-gaba. "Nan birki yake, Hajiya. Injin ƙalau yake. Birkin ne ya taɓu." Zai dawo? "Muna fata." Yaushe? Ya mayar da biron aljihu.

Watanni ke nan. Yana tafiya, yana ci, ya san sunan kowa. Yana salla — wata rana ya sallame a raka'a ta biyu ta azahar ya miƙe abinsa, wata rana ya yi ta tashi yana komawa har sai an taɓa kafaɗarsa. Nauyinsa ɗaya a katifa, ƙamshin turarensa ɗaya. Tushen yana nan. Amma filin…? In ta shiga ɗakin da yake, allurar da ke ƙirjinta sai ta yi ta juyi, ba ta samun inda za ta tsaya. Wani lokaci takan tsaya ɗin, in ya ce "Malama" da tsohuwar muryar nan. Shi ne? Ko kuwa saura ne — irin hasken tauraron da ya riga ya mutu, yana ta isowa saboda nisa, mutane a ƙasa suna ta nuna shi da yatsa? Labarin mutuwar tushe ma tafiya yake yi kafin ya iso. Wataƙila yana hanya.

Astagfirullah. Mutum da ransa.

Ƙara ce ba ya so. Ranar da Monica, matar da ke taya ta aikin gida, ta kunna bilenda a kicin — Kauthar tana tsaye, da idonta ta gani — ya taso daga falo ba gaggawa, ya zare wayar daga soket, ya ɗaga bilendar da tumatirin da komai ya maka ta a bango. Sau ɗaya, da iyakar ƙarfinsa. Ja ya yi ta gangarowa a jikin tayil. Ba faɗa, ba zagi. Da fushi ya yi da ta ji sauƙi. Fushi abu ne da ta sani, yana da farko yana da ƙarshe, ana ba shi haƙuri. Fuskarsa kamar ta mai rufe famfo. Ya juyo ya ce, "Akwai sauran kunun aya?"

Sannan damtsen 'yarsu Nafeesa. Shatin yatsu, baƙi-baƙi, wajen wanka ta gani. Monica ta rantse tana waje tana shanya. Yarinyar, 'yar shekara huɗu, ta ce, "Abba ne ya riƙe ni kar in faɗi." Daga ina? "Daga sama." Saman me? Ta koma wasa da kumfa. Kuma tana hawan ɗin — kan kujera, kan tebur, jikin ƙarfen taga kamar ƙadangare. Uban da ya cafe 'yarsa tana faɗowa zai bar wannan shatin. Uban da ihunta ya dame shi ma zai bar wannan shatin. Awo ɗaya, bayani biyu. Shi da aka tambaye shi sai ya dubi damtsen da sha'awa, kamar an nuna masa taswirar wata ƙasa.

Gobe Yaya Saleh zai iso daga Funtuwa. Wan Fu'ad ne, shi ne babba tun rasuwar mahaifinsu, kuma ba mugu ba ne, abin da ya sa maganarsa take da nauyi ke nan. "Kausar, ki ba mu shi mu tafi da shi gida. Gida akwai maza. Ke ga aiki, ga yarinya." Ta san gidan. Ta san ɗakin da ke bayan zaure, mai ƙaramar taga, inda wani kawunsu ya ƙare kwanansa ana miƙa masa tuwo ta ƙofa, ana yi masa hayaƙi safe da yamma. Ba za su ƙi shi ba. Za su so shi, su kulle shi. Ta ce a'a Yaya, yana samun sauƙi. Sai ya ce a wayar, "To tambaya ɗaya zan yi miki, in na zo ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Za ki iya barin yarinyar nan da shi, su biyu, ki sa ƙafa ki fita?"

Tsakaninta da Allah. Ba ta iya cewa ta sani alhali ba ta auna ba. In ta ce e, ya zauna — kuma in ta yi kuskure, a jikin wa kuskuren zai fito? In ta ce a'a, jibi war haka yana ɗakin bayan zaure.

Ta yaya ake sanin fili, tunda ba a ganinsa?

Ta koyar da wannan a lokacin bautar ƙasa, a wata sakandaren 'yan mata, da alli a hannu. Sai ka samo ɗan cajin lantarki na gwaji. Ƙanƙane — dole ya zama ƙanƙane ƙwarai, don kada nasa filin ya jirkita wanda ake son aunawa. Ka ajiye shi a wurin. Ka sake shi. Ka ga inda za a tura shi, da irin ƙarfin da za a tura shi. 'Yan mata suna kwafa, kai a sunkuye. Ba wadda ta ɗaga hannu ta ce, Malama, shi ɗan cajin fa, me yake samunsa daga baya? Littafin ma bai faɗa ba. Ba ya cikin manhaja.

Ita ta yi girma. In tana falon, kallonta Fu'ad yake yi, yana gyara zama, yana neman abin da take so ya zama. Kanta take aunowa. Monica ma ta yi girma. A gidan nan kaf mutum ɗaya ne ƙanƙane yadda ake bukata…

Ba haka ta faɗa wa kanta ɗazu ba. Ɗazu cewa ta yi Monica ta gaji, a bar ta ta tafi da wuri. "Madam, Allah ya saka maka! Yau muna koyon waƙa a coci, kullum ni ne na ƙarshe, har Fasto ya fara yi mini ido. Kai kana gida ko?" Ina gida. Ta tattara wuƙaƙe ta sa a but ɗin mota — suna nan bayanta yanzu, a naɗe cikin tawul, da ashana, da dutsen guga. Ta rufe gas daga tukunya. Ta rage muryar talabijin. Macen da ta kwashe wuƙaƙe ta san abin da take yi. Kada ta ƙara cewa unguwa ta fita.

"Mami, ina za ki?" Yanzu zan dawo. Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi uwarta, ta sake duban uwarta. Haka take yi yanzu. Ko alewa ya miƙa mata, sai ta waiwayo Kauthar kafin ta karɓa. Da can kuwa a wuyansa take wuni. Wannan shaida ce, ko ba shaida ba ce? Yaro allura ne, ba ya ƙarya, inda aka tura shi yake nunawa. In tana ɗari-ɗari da shi, akwai abin da ta ji a jikinta wanda manya ba su ji ba. Shi ya sa Kauthar take yawan cewa, Nafi zo nan. Nafi, bar Abba ya huta. Nafi, sauko. Ba da faɗa ba. A hankali, da murmushi.

Sai an kira la'asar. Haka ta yanka wa kanta. Ba a katse awo a tsakiya. In ka katse, ka ajiye yarinyar a wurin a banza ke nan, kuma gobe ba ka da amsa. Ba ladanin da ya motsa tukuna.

Gashin hannunta ya miƙe. Tana kallonsa. Ba sanyi ake ba — iskar ce ta cika. Can sama gajimare yana ta tara caji, ƙasa tana tara akasinsa, tsakaninsu fili yana ta ɗaurewa kamar tsirkiyar baka, ba sauti, ba alama, sai ɗan gashin hannun mace a cikin mota. Iska takan jure. Ta jure, ta jure, ta ƙi ba wuta hanya, har a kai wani mizani — daga nan sai ta tsage. Lissafi yana gaya maka za ta tsage. Ba ya gaya maka a kan wa.

Ita dai ba a kanta ba. Abin dariya. Mota gwangwani ce, kuma a cikin rufaffen ƙarfe fili sifiri ne: ko aradu ta faɗo a kan rufin, ta jikin ƙarfen za ta bi ta sauka ƙasa, na ciki ko gezau. Duk faɗin Kuje ba wanda ya kai ta tsira a yanzu. Haka take tun ranar tifar. A ofis cewa suke, Hajiya akwai tawakkali. Mata 'yan dubiya suna kuka, ita tana zuba musu lemo. Ba tawakkali ba ne… rufi ne. Komai ta waje yake bi ya wuce. Ta shiga cikin ƙarfe ta ja ƙofa, ta bar 'yar shekara huɗu a can, a tsakiyar fili.

Me suke yi yanzu? Wataƙila ba komai. Katun yana ta tsalle, shi yana kallon bango, ita tana cin tsakiyar biskit tana barin gefe. Wataƙila ta hau bayansa tana cewa mota. Wataƙila ta ɗauko murfin tukunya da cokali — wayyo, murafan tukwane, ba ta kwashe murafan tukwane ba — a'a. A'a. Kicin a rufe yake. Ta rufe? Tana tuna hannunta a kan mariƙin ƙofar. Na yau take tunawa, ko na jiya?

Wani abu yana gurnani can ƙasa-ƙasa, ta wajen birni. Kamar ana jan tebur a saman bene.

Cida.

Sai yanzu. Sai yanzu ta… Tana kallon hadarin nan tun ɗazu, tana yi masa lissafi, tana sha'awar gashin hannunta, ba ta haɗa shi da falon ba. Ta rage muryar talabijin. Ta kwashe wuƙaƙe. Ta manta da sama. Ɗalibar aji ɗaya ta san ba a awo sai an duba abin da ke shigowa daga waje. Damina ta riga ta ɗauke lokacin da aka sallamo shi daga asibiti. Bai taɓa jin tsawa da wannan kan ba. Wannan ne ruwan farko. Bilenda ya maka a bango — to sama fa, in ta yi ƙara, me zai ɗaga ya maka? Me ke kusa da hannunsa?

Kiɗan da ke tashi daga shagon mai aski a bakin hanya ya yanke a tsakiyar baiti. An ɗauke wuta. Kullum haka suke yi in hadari ya taso. Falon ya yi duhu ke nan, labule a sauke, katun ya mutu. Nafeesa ba ta son duhu. Nafeesa in ta tsorata ihu take yi, siriri, mai shiga kunne kamar tsinke…

Ba a kira la'asar ba. Oho.

Makulli. Mota ta tashi, ta mutu, ta tashi. Ruwa ya sauko gaba ɗaya kamar an kifar da baho, jar ƙasar hanya ta zama kunu nan take. A kwanar shiga get wata tifa ce a gicciye, tayar baya ta nutse, direba yana ta ba ta wuta. Tifa. Ko'ina tifa. Ta bar motar a nan, ƙofa a buɗe. Takalmi ɗaya ya zauna a laka, ta bar mata shi. Maigadi daga cikin ɗakinsa: "Madam! Madam, lafiya?" Jan kwano, jan kwano, duk kai ɗaya, wanne ne nata — yau gidanta za ta rasa? Tsawa ta fashe a bayanta, ta ji ta har a haƙora. Wannan ta riga ta shiga falon. Ta riga ta shiga kunnensa.

Ƙofa. Makulli ya juya, ƙofa ta ƙi. Sakata — an sa sakata ta ciki, ta sama. Hannun Nafeesa ba ya kaiwa can.

Ta ɗaga hannu za ta buga… ta tsaya. Bugu ƙara ne.

Ba kuka. Ta kara kunne a jikin ƙofar, ba ta jin komai sai ruwa a kan kwano. Shiru na lafiya ne, ko ɗaya shirun? Ta bi jikin bango, ta cikin furannin da Monica ta shuka, zuwa tagar falo. Labulen bai haɗu ba a tsakiya, akwai 'yar tsaga. Ta riƙe ƙarfen tagar, ta sa ido.

Kujerarsa ba kowa. Faranti a kife a ƙasa, biskit a warwatse. Talabijin… tana nan lafiya. Ina suke? Ido a hankali yake sabawa da duhu, ba a yi masa gaggawa —

Ƙarƙashin teburin cin abinci.

Ya dunƙule a can, babban mutum, gwiwa a ƙirji, hula ta faɗi, ido a runtse. Nafeesa tana durƙushe a gabansa. Tafukanta biyu a kan kunnuwansa, ta danne da iyakar ƙarfinta, har gwiwar hannunta tana rawa, bakinta yana motsi — waƙa take yi masa, ko faɗa, ko irin surutun da take yi wa 'yar tsanarta in tana yi mata wanka. Hannayensa suna ƙasa, a kan tayil, a buɗe. Ba ya riƙe da komai.

Ga ta nan. Ga amsar Yaya Saleh… ko? Haka suke tun tsawar farko? Ita ta ja shi can, ko shi ya ja ta? Farantin fa, wa ya kifar? Sakatar fa — hadarin ya kulle a waje, ko yarinyar ya kulle a ciki? Amma dubi hannayen nan. Rabon da ta ga yarinyar haka da shi tun kafin asibiti, ba ɗari-ɗari, ba waiwaye, kamar ta saba, kamar sun daɗe da wata ƙasa tasu wadda ba a shiga da —

Yarinyar ta waiwayo.

Kauthar ba ta motsa ba. Ko numfashi ba ta ja ba. Amma kan ya juyo kai tsaye zuwa tsagar labulen kamar an ja shi da zare, ido ya faɗa cikin ido. Tana kallo fuskar ta sauya — abin da take gani kullum, abin da ta yi watanni tana tarawa a matsayin shaida a kansa. Kafaɗu suka ɗaga. Baki ya rufe. Kuma ba ubanta take kallo ba. Ta taɓa kallon ubanta in tana yin wannan fuskar? Ko sau ɗaya? Duk inda Kauthar ta ga fuskar nan, tana wurin. Dole tana wurin. In ba haka ba da ba ta gani ba.

Nafeesa ta janye hannayenta. Ta rarrafo baya-baya, ta fito daga ƙarƙashin teburin, ta miƙe tsaye, ta ɓoye hannu a baya kamar wadda aka kama tana lasar sukari. Yarinya mai jin magana.

A'a, koma. Koma, Nafi, mayar da hannunki — bakin Kauthar yana motsi a jikin gilashi, ba murya, in ta ɗaga murya shi zai ji, yarinyar kuwa tana ƙoƙarin karanta fuskar uwarta, fuskar da ruwa da tsoro suka jiƙa, tana karanta abin da ta saba karantawa. Ta ƙara matsawa nesa da shi.

Fu'ad ya buɗe ido. Yana lalube a iska, inda hannayen suke ɗazu.

Sai falon ya yi fari fat — tebur, tayil, biskit, yatsun ƙafar yarinyar, har jijiyar wuyansa — fari irin na kusa, na kan unguwa. Ya ɗauke. Haske yakan riga iso. Ƙarar tana baya, tana tafe, ta riga ta baro inda aka haife ta, ba mai mayar da ita… kunnuwansa a buɗe, yarinyar inda hannunsa zai iya kaiwa, sakata a sama, ita kuma a waje riƙe da ƙarfen taga, tana jira tare da su.